Shekarar da Babanku Ya Kawo Ingila Zaurenmu

Ku 'ya'yana, kun daɗe kuna gaya wa mutane cewa son maƙwabtaka da Harami ne ya sa babanku ya bar aikin jirgin ruwa ya zauna a Makka. Magana ce mai daɗin ji, ni ma in an faɗa a gabana nakan ce Allah Ya jiƙansa in ja bakina. Amma tunda na ga har jikoki sun fara haddace ta, gara in gyara tun da sauran haƙora a bakina. Babanku yana son Harami kamar kowane Musulmi, amma a shekarar da nake da cikin yayanku Habibu saura ƙiris ya bar mu, ni da Haramin gaba ɗaya, ya koma teku. Abin da ya riƙe shi daban ne, kuma da hannuna aka yi shi, don haka kada wani ya zo ya ce zai gyara mini.

A shekarun sittin ne na lissafin Turawa, muna zaune a unguwar Jarwal a gidan Abba, wato mahaifina, wanda iyayensa suka zo da shi ta Sudan yana goye. Sana'ar Abba saukar da alhazai. Babanku kuwa Bakatsine ne, kuku a jirgin ruwa, ya yi shekaru yana zaune a Liverpool ta ƙasar Ingila duk lokacin da jirginsu ya huta. Ya zo aikin hajji, zazzaɓi ya kwantar da shi a gidanmu, ya warke, maimakon ya yi godiya ya tafi sai ya nemi aurena. Lokacin hajji ba shi da damuwa, yana Arfa yana dafa wa alhazai shinkafa a tukwanen da yaro zai iya wanka a ciki. Amma da alhazai sun watse gari ya koma na masu shi, sai ya zama kamar baƙon da aka manta da shi a ɗaki. Ba shi da ɗan'uwa ko guda a unguwa, Larabcinsa duk a karkace, in ya je gahawa, inda maza ke zaman shayi, ba mai kiran sunansa sai dai a ce ga surukin Malam, wato Abba. Ana cikin haka wani tsohon abokin aikinsa ya biyo ta Jidda ya ce jirginsu na neman kuku. Babanku ya ce mini da an yi ƙaramar salla zai tafi, wai shekara biyu kawai. Ni kuwa na san matan da aka ce wa shekara biyu, na ga furfurarsu. Tsoro ya kama ni, ba na ɓoye muku.

Abu ɗaya ne ke kwance masa fuska a waɗannan kwanaki, shi ne labarin mashayar Turawa. Da la'asar, in an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, sai ya fara. Ya ce a can kowace unguwa da tata, wata a sa mata sunan doki, wata sunan zakara, a zana hoton a rataye a ƙofa. Na tsakiyar birni madubai ne da tagulla ko'ina, akawu-akawu su cika su da rana, su sha a tsaye su fice. Shi ta unguwa yake so, wadda ya zauna a samanta yana wanke musu kofuna a bakin kuɗin ɗaki. Ya ce duk katako ne mai duhu, rufi ƙasa-ƙasa, hayaƙin taba ya rina bango, ga wuta a murhu, ga kare kwance kusa da ita yana minshari. Kowane tsoho da kujerarsa, har da kofinsa rataye a ƙusa, in wani ya taɓa sai an yi rigima. Sai ya shiga lissafa irin giyar. Akwai baƙa wuluk mai farar kumfa a kai kamar kindirmo, akwai mai ɗaci launin zuma ta 'yan dakon bakin teku, akwai mai sauƙi ta tsofaffi, akwai wata fara-fara ta kwalba da samari ke yayi. Ba daga tulu ake zubawa ba, wani hannu ake ja kamar famfo ta taso daga ƙarƙashin ƙasa, kuma wai ba a son ta da sanyi sosai. Kowane labari sai ya rufe shi da rantsuwar cewa ko ɗigo bai taɓa shiga bakinsa ba. Na yarda da shi har yau. Inna dai, mahaifiyata, takan ce daga bakin murhu ita ba ta taɓa ganin mai wanke kofi da ya san ɗanɗano haka ba.

Abba ne abin kallo. Duk irin da aka ambata sai ya ce a'uzu billahi ya ja carbi, amma ba ya tashi. In babanku ya yi shiru, sai ya gyara zama ya tambaya a hankali:

"To ita baƙar, kumfar ba ta faɗawa in an ajiye?"

Wata rana muna mu biyu na tambaye shi ƙiri-ƙiri, me yake kewa a gidan da bai sha komai a ciki ba.

"Ba abin shan ba ne, Abu," ya ce mini. "Can in ka tura ƙofa ba mai tambayar ka ɗan wane ne kai. Ka zo yau, ka zo gobe, jibi an san inda kake zama."

Nan take na ce masa to ya buɗe irinta a nan. Ya zaro ido. Na ce ba giya ba, Malam, ka kwantar da hankalinka, ai ina da subiya. Ku kun san ta, amma saboda jikokin da aka haifa a Kano, abin shan mutanen Makka ne, sha'ir ake jiƙawa a tace a sa sukari da kirfa, kuma ni ce mai sayar da ita a layinmu duk azumi. Na ce ga zauren Abba nan a banza tunda ba alhazai. Ni lissafina ɗaya ne, in mutum ya samu wurin da ake zuwa saboda shi, ƙafarsa za ta yi nauyi. Abba ya yarda bisa sharaɗin kada abin sha ya kwana, don subiya in ta daɗe takan fara kama hanyar da ba ta dace ba. Ina zargin kumfar nan yake so ya gani da idonsa.

Wayyo, da na san aikin da na jawo wa kaina. Babanku ya tattaro akwatunan katako ya haɗa kanta mai tsawo, ya shafe ta da fenti ruwan ƙasa, ya kafa ƙusoshi na rataye kofuna, ya huda taga a bango tsakanin zaure da ɗakin girkina don in riƙa miƙo tuluna ba tare da maza sun gan ni ba. Ya ce mashaya ba ta yiwuwa da abu ɗaya, sai da zaɓi. Na yi farar subiya, na yi ja, na yi ta zabibi, na jiƙa tsamiya ya ce ita ce mai ɗaci. Baƙar ce ta wahalar da ni. Sai na soya sha'ir har ya kusa ƙonewa, na dafa da dabino, sannan na kama maburgi ina kaɗawa har kafaɗata ta yi tsami, shi yana leƙowa ta taga yana cewa kumfar ba ta kai ba. Ya so a bar su ba sanyi kamar na can, na ce a zafin Makka wannan zalunci ne, na tura su randa. Har kaskon garwashi ya kawo ya ajiye a kusurwa, wai wuri ba ya zama wuri sai da wuta. Abba ya shigo yana gumi ya tambaye shi ko tunatar da mutane lahira yake son yi, aka fitar da kasko. Maganar kare kuwa ko fara ta bai yi ba.

An buɗe a watan Sha'aban, mutane suka fara zuwa jefi-jefi. Ba wanda ya yarda ya sha a tsaye a gaban kanta, kowa ya ce shi ba raƙumi ba ne, dole aka shimfiɗa tabarmi. Amma suna zuwa, suna tambayar baƙa, suna kallon kumfa suna dariya, ni kuma ta taga ina jin muryar babanku ta dawo. Da ya bar abin haka da an zauna lafiya. Sai ya ce akwai abu guda da ya rage, wanda shi ne ran mashaya, wai zagaye. A can in abokai sun zauna, ɗaya zai saya wa kowa, in an shanye na kusa da shi ya saya wa kowa, haka har a zagayo, kuma abin kunya ne ka sha na mutane ka sulale ba ka yi naka ba.

Ranar da ya kawo wannan bayani, bayan la'asar ne, zaure ya cika da dattawa. Ga Abba, ga Ammi Salihu mai sayar da carbi a bakin Harami, tsoho ne siriri mai taurin kai wanda shi da Abba tun suna yara ba wanda ke yarda ɗaya ya fi shi. Ga kuma umda, wato mai unguwarmu, Balarabe ne mai ƙiba da farin gemu, wanda ya ji ana cewa an buɗe wani wuri irin na Ingila ya zo ya duba da kansa. Babanku ya tsaya bayan kanta ya yi musu bayani da Hausa, ya maimaita da Larabcinsa. Abin da bai lura ba shi ne, Bature in an yi kunnen doki kowa ya yi nasa, ya ji daɗi ya tafi gida. Namu dattawan kuwa a wurinsu wanda aka yi wa kyauta daga ƙarshe shi aka kayar.

Tun kafin ya rufe baki Ammi Salihu ya ce a zuba wa kowa baƙa, nasa ne. Abba ya ce a zaurensa? Aka sha na Ammi Salihu, Abba ya ce a zuba ja, kuma a manyan kofuna. Umda ya ce shi ne uban unguwa, ba za a yi ba shi ba, a kawo zabibi. Sauran ma kowa ya yi nasa. Babanku yana ta murna, yana leƙowa ta taga yana ce mini ko a Liverpool bai ga zagaye mai kyau haka ba. Da aka zagayo ya tafa hannu ya ce to madalla, an gama. Ammi Salihu ya ce an gama me? Shi ya fara da ƙaramin kofi aka biyo shi da manya, ba zai tashi a haka ba, a sake. Abba ya ce in ya sake shi ma zai sake. Ana cikin haka wani tela ya leƙo don ya yi sallama kawai, aka kama shi aka ba shi kofi, shi ma ya ga ba zai fita da kunya ba ya yi wa kowa, lissafi ya dagule aka koma farko.

Ni a ciki na zama kamar injin niƙa. Farar subiya ta ƙare, ja ta ƙare, na koma ƙara wa tsamiya ruwa, Inna tana kaɗa kumfa tana tsine wa Ingila da duk wanda ya taɓa zuwa can. Ta taga ina ganin hira ta mutu. Ba ka jin komai sai nishi da ƙarar haɗiya. Dattawa sun sassauta mazagi, umda ya jingina da bango ya miƙe ƙafafu, gumi na zuba. Kowa ya matsu ya zaga bayi, amma ba mai son ya fara tashi a ce ya gudu. Babanku ya fara roƙon su, ya ce a can in lokaci ya yi mai gida ƙararrawa yake bugawa kowa ya watse. Abba ya dube shi ya ce ƙararrawa a Makka, ya sake faɗa ya ji. Bai sake ba.

Nan ne abin ya ɓaci. Ammi Salihu ya ɗaga kofi da ƙyar.

"Wallahi tallahi," ya ce, "ba zan bar zauren nan da kyautar wani a kaina ba."

"Ni ma wallahi haka," in ji Abba, "ko da nan za a yi mini sutura."

Rantsuwa biyu, kuma in ɗaya ta tsaya dole ɗaya ta faɗi. Ga magariba ta matso, ba mai sauran alwalar kirki a cikinsu. Babanku ya zo taga, fuskarsa ta yi fari fat, ya raɗa mini cewa zai kashe surukinsa da ruwan tsamiya, in taimake shi. Na duba ɗakin ba abin da ya rage sai tulun zamzam da ba ya rabuwa da gidanmu. Na ɗauka na miƙa masa, na ce ya zuba wa kowa, kada ya ce daga wa.

Ammi Salihu ya karɓi kofi yana huci, ya tambaya wannan kuma na wane ne. Umda ya kurɓa, ya gane, ya lumshe ido kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Wannan ba kyautar kowa ba ce," ya ce. "Mai ita ba a rama masa. Ku sha mu tashi, don Allah."

Zamzam ba a ƙin ta, ba a kuma rage ta a kofi. Haka bayin Allahn nan suka ɗora ta a kan abin da ke cikinsu, hawaye na zubo wa wasu. Rantsuwa ta kuɓuta, aka buɗe ƙofa.

To ku tuna lokacin, daf da magariba, layinmu cike da masu tafiya Harami. Me suka gani? Dattawan unguwa suna fitowa daga wurin da aka ce irin na Ingila ne, kowa na dafa bango. Tela yana dariya shi kaɗai ya kasa dainawa. Umda na tafe yana tangaɗi, kumfa a gemu. Ammi Salihu, mutumin da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, ya wuce a guje rungume da buta bai amsa sallamar kowa ba. Abba kuwa sai da babanku ya tallafe shi. Ga ƙanshin soyayyen sha'ir ya cika layi. Kafin hantsin washegari magana ta kai har unguwar Rusaifa, ta dawo da ƙari. Aka ce surukin Malam ya buɗe gidan giya a Jarwal, har umda ya bugu.

Umda ya zo da kansa bayan kwana biyu, yana tafiya a hankali. Ya ce shi shaida ne ba komai a tulunan nan sai halal, don ba wanda ya kai shi sha, amma ba zai iya bin mutane gida-gida yana bayani ba, kuma in maganar ta wuce unguwa ba a san inda za ta tsaya ba. A rufe. Babanku bai yi musu ba. Ya ɓalle kantar da hannunsa, ya zare ƙusoshi, ya toshe tagar da laka. Ni na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, don na ga da dabarata na tura shi jirgi. Azumi ya zo ya wuce ba ya magana sai dole. Ko labarin mashaya ya daina, har Abba ya yi ta kewaye-kewaye yana neman a tayar, bai samu ba. Da aka yi salla ya fito da akwatinsa na ƙarfe ya goge, ya ce in wanke masa kaya. Na wanke, na ninke, cikina ya tsufa ina jan ƙafa.

Ana jibi zai tafi ya fita kasuwa sayen igiyar ɗaure akwati. Bai daɗe ba sai ga shi ya dawo ba igiya, hula a karkace, yana numfashi sama-sama. Ashe a gahawa ya wuce wasu suna hira, ya ji ɗaya na cewa ga mai giyar can, an ce asirinsa ya tonu zai gudu Jidda ya hau jirgi. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Mutumin da ya zauna shekaru a saman mashaya yana wanke kofuna ya kame bakinsa, yau a Makka ake ce masa haka. Ya tsaya a tsakar gida, Abba da Inna suna ji.

"Ni zan gudu? In na tafi yanzu sun gaskata ke nan. Ɗan da za ki haifa a ce masa ɗan wanda ya gudu. Abu, kwashe kayan nan. Ba zan taka jirgi ba sai ranar da aka daina faɗar maganar nan a Jarwal."

Na ce to, Malam. Na sunkuyar da kai don kada ya ga fuskata, na kwashe kayan a hankali kamar mai baƙin ciki, na shiga ɗaki na yi sujada.

Ya biya kuɗin wannan magana da tsada, ba zan rage muku ba. Shekaru ana nuna shi da baki, akwai gidajen da ba a gayyace mu biki ba, akwai liman da ya daɗe yana amsa sallamarsa da gefen baki. Shi kuma ya sa ƙafar wando ɗaya da duk mai faɗa. Kullum bayan la'asar yana gahawa yana kare kansa, yana kiran Ammi Salihu shaida, ana musu ana dariya, har ya zama in bai zo ba sai a aiko a ji ko lafiya. Duk shekara in alhazai sun watse yakan ce mini bana dai maganar ta kusa mutuwa, baɗi sai teku. Sai wani ya sake tsokanar sa a hanyar masallaci, ya dawo yana faɗa, a ɗaga tafiya.

Kun san mutanen Jarwal, ba su daina ba. Shi ya sa kuka tashi da uba a gida.